Minti Ashirin da Auta

Ƙarfe uku da minti goma na shigo gida, jaka a kafaɗa, ina haki, na tarar da falonmu kamar ba namu ba. An wanke labule, an ja kujeru gefe, an fito da gadon Umma daga ɗaki an shimfiɗa masa sabon zanen gado, an jera mata filo uku a baya don ta zauna kamar mai lafiya. Aikin Yaya ne tun sassafe. Ta rufe shagon kitsonta ranar ɗungurungum, ta ce yau Auta zai zo, ba za a bar shi ya ga gida kaca-kaca ba.

Auta ba zuwa zai yi ba. Ƙaninmu ne, direban babbar mota, shekara biyu ke nan yana gidan yari a wata ƙasa mai nisa, saboda wani kaya da aka samu a motarsa a kan iyaka, wanda har gobe yake rantsuwa bai san da shi ba. Saura masa shekara uku. Abin da gidan yarin ya yarda da shi kawai shi ne ganawa ta bidiyo, minti ashirin, sau ɗaya a wata uku. Su ke ba da rana da lokaci, kuma ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. In sun ce ƙarfe huɗu, to huɗu da minti ashirin za su aiko da umarni allo ya rufe, ko kun gama gaisawa ko ba ku gama ba. Manhajar tasu ma ba ta aiki a waya, sai a kwamfutar da aka yi rajista da ita, wato tsohuwar laftof ɗina.

Wata uku ba wani abu ba ne a wurin mai lafiya. Amma Umma zuciyarta ta kumbura, ƙafafunta ma haka, daga gado zuwa bayi sai ta huta sau biyu. Makon jiya likita ya ja ni gefe ya ce mu daina hana ta cin abin da ranta ke so. Na gane abin da yake nufi, Yaya ma ta gane, Umma kuwa ta riga mu ganewa. Ba wanda ya furta, amma duk mun san ba lalle ne a yi wata ganawar da ita ba.

"Injiniya ta iso," in ji Yaya, tana gyara wa Umma ɗaurin kallabi. "Zo ki haɗa mana kayanki."

Ni ba injiniya ba ce. Sakatariya ce ni a makarantar firamare, takardu nake bugawa. Amma a gidanmu duk wanda ya iya taɓa kwamfuta da yatsu goma ya gama karatu, don haka komai ya lalace, daga fanka har agogon bango, ni ake kallo.

Na ɗora laftof a kan teburin da Yaya ta goge har yana ƙyalli, na kunna, na danna manhajar. Wani ɗan zobe ya kama juyawa a tsakiyar allo. Ya juya, ya juya, can sai ga rubutu: babu intanet. Ban damu ba tukuna. Na duba ƙasan allo, alamar waifai cike take taf, sai dai da wani ɗan ɗigo a jikinta wanda ban saba gani ba. Na kashe waifai ɗin na kunna. Na cire sunan layinmu na sake shigar da lambobin sirrin, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon nan yana nan yana kallona.

"Lafiya dai?" Umma ta tambaya.

"Lafiya lau, Umma. Ɗumi take yi."

Sai na yi abin da kowa ke yi, na ce ta kashe kanta ta sake tashi. Nan na tafka kuskurena na farko. Allo ya yi shuɗi, ya rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Kashi biyu cikin ɗari. Wata guda wannan sabuntawar tana roƙona ina ce mata gobe, ba ta tashi kama ni ba sai yau. Na ji kamar in ɗaga ta in maka da bango. Ƙarfe uku da minti ashirin da biyu.

Na bar ta tana rarrafe na nufi rauta, ɗan farin akwatin intanet da ke zaune kusa da talabijin. Yaya ta shimfiɗa masa ɗan ƙyalle mai aiki a ka, har da tukunyar furen roba a gefe. Na yaye ƙyallen. Kullum fitilunsa kore ne su huɗu, yau ta uku ja ce, tana ƙiftawa. Na zare shi daga wuta, na ƙirga talatin da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya, na mayar. Ta farko ta kawo kore, ta biyu ta kawo kore, ta uku ta yi jim kamar za ta ji tausayina, sannan ta dawo ja.

Na kira kamfanin. Wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna. Ta ce in danna uku, na danna. Daga nan suka sa mini kiɗa, wani kiɗa mai sanyi irin na ɗakin jiran likitan haƙori, kowane minti ɗaya wata mata ta katse shi ta gaya mini kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Ina tsaye, waya a kunne, ido ɗaya a kan jar fitila, ɗaya a kan laftof da ta kai kashi arba'in da ɗaya ta zauna a nan. Umma kuwa maimaita wa Yaya take yi abin da ba za a gaya wa Auta ba: kada a ambaci asibiti, kada a ambaci kumburi, in ya ga ta yi tari a ce turare ne ya shaƙe ta.

Minti tara kafin mutum ya ɗauka, wani mai ladabin da ya isa ya kashe mai sauri.

"Barka da yamma, Hajiya. Da wa nake magana, kuma da me zan taimaka?"

"Intanet ɗinmu ne ya ɗauke, kuma ƙarfe huɗu daidai nake buƙatarsa. Don Allah ka taimake ni."

"Ba damuwa, Hajiya. Kin gwada kashe rautar ki kunna?"

"Na gwada."

"To mu sake gwadawa tare."

"Malam, na ce maka na gwada! Har talatin na ƙirga. Fitila ta uku ja ce, tana ƙiftawa."

Na ji ƙarar madannai. Ya ce daga wajensu layin unguwarmu lafiya yake, matsalar tana cikin gida. Ya ce akwai wani siririn kebul rawaya da ya fito daga bango ya shiga bayan rautar, in duba ko ya zare ko ya lanƙwashe.

Na maƙale wayar a kafaɗa na janyo teburin talabijin. A da bayan teburin nan ba a magana, kebul-kebul ne a cukurkuɗe da ƙura da yanar gizo. Yau ba ƙura ko ɗaya. Baƙin kebul na wuta, da shuɗi na talabijin, da siririn rawaya, an haɗa su uku an kitse su tsaf tun daga bango har bayan rauta, kitso mai tsauri, kowace gaɓa daidai da 'yar'uwarta. A ƙarshen har an ɗaure da 'yar robar gashi mai ruwan hoda.

Na daɗe ina kallonsa. Kitso ne mai kyau, wannan ba zan ci amanarsa ba.

"Yaya," na ce. "Mene ne wannan?"

Ta leƙo. "Au, wannan? Ai teburin zai fito a hoto. Haka za a bar su buzu-buzu kamar kan da ya wata bai ga mataji ba? Kuma ban zare ko ɗaya ba, sai da na tabbata, kowanne yana raminsa."

Yaya shekara ashirin da biyu tana kitso. Hannunta ba ya iya ganin abu uku masu tsawo ya bar su. Gezar darduma, igiyar labule, har bakin tsintsiya ta taɓa kitsewa tana waya ba ta sani ba. Kuma ita ba ta san sako-sako ba, shi ya sa mata ke layi a shagonta, kitsonta yana wata biyu bai motsa ba.

Na gaya wa mutumin kamfani abin da na gani. Sai da ya ce in maimaita. Sannan ya yi gyaran murya ya ce rawayan nan ba ƙarfe ne a cikinsa ba, zaren gilashi ne wanda bai kai silin gashi kauri ba, haske ke bi ta ciki, ko lanƙwasa mai tsanani ba ya so. Ya ce in warware a hankali ko Allah zai sa bai karye ba.

Yaya ta ture hannuna ta durƙusa. Ban taɓa ganin ta tsefe abu da irin wannan lallami ba. Da ta kai tsakiya sai ga wurin, rawayan ya karye kwaf kamar tsinke, fatar kawai ke riƙe da shi. Ta ɗago ta dube ni, ta yi wuƙi-wuƙi da ido.

"A ɗaure shi mana. Ko a liƙe da salatif."

Na tambayi mutumin, ko da yake na san amsar. Ya ce sai ma'aikaci ya zo da na'urar haɗi, kuma mafi kusa jibi da safe. Na roƙe shi. Na gaya masa komai, abin da ko maƙwabta ba mu gaya wa ba, gidan yari da likita da wata uku. Ya ce wallahi ya tausaya, amma ko yanzu ma'aikaci ya taso ba zai iso kafin huɗu ba. Ya tambaya ko akwai wani abin da zai iya taimaka mini da shi. Na kashe wayar.

Abin da na gaya wa Yaya a lokacin ba zan rubuta shi duka ba. Na ce wa ya aike ta. Na ce hannun nan nata wata rana sai ya kitse mu duka ya kai mu kabari. Ita da ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da goma ba, ta tsaya da guntun kebul a hannu, hawaye na bin kumatunta.

"Ya isa," in ji Umma daga kan gado. "Ke, yayarki ce. Ƙarfe nawa?"

Huɗu saura minti takwas. Laftof ta gama sabunta kanta, ta buɗe fes, tana yi mini barka da dawowa.

Saura hanya ɗaya, in raba wa laftof datar wayata. Na kunna, ta gani, ta kama. Amma gidanmu a ƙasan bene yake, dogayen gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina, sabis ba ya shigowa sai dai ya leƙo. Dalilin da ya sa muka ja layin gida ke nan tun farko. Sandar sabis ɗaya ce a wayar, ita ma tana zuwa tana tafiya. Zoben ya kama juyawa. Na kai wayar bakin taga, na ɗora ta kan firji, na hau kujera na ɗaga ta har tana taɓa silin. Wayar Yaya ma layinmu ɗaya, ba ta fi tawa ba.

Na fita a guje ba takalmi. Na buga ƙofar wata ma'aikaciyar jinya da ke kusa da mu ko zan ari waifai ɗinta, tana wurin aiki. Na haye hawa na biyu na buga ta wani tsohon malami, kwaɗo ne a jiki. Na sauko ƙofar gida na duba wayar, sanda ɗaya. Na sake hayewa sama, waya a ɗage kamar mai neman maciji da tocila, ina addu'ar da ni kaina ban san me nake cewa ba. A kwanar matakala tsakanin hawa na biyu da na uku akwai wata taga da gilashinta ya fashe tun bara. Ina isa wurin sanda ta zama biyu, ta zama uku. Na matsa taku biyu, ta koma ɗaya. Na dawo, uku.

Huɗu da minti uku. Auta yana can an zaunar da shi gaban allo.

Na ajiye wayar a bakin tagar na sauko da gudu, ko laftof za ta jiyo ta daga falo. Ko sunanta ba ta gani ba. Na ɗauki laftof ɗin na fara hawa ina dubawa, sai da na wuce hawa na biyu sannan ta kama. Babu wata dabara kuma. Na dawo falo na tsaya a gaban Umma.

"Sai a sama, Umma. Matakala talatin da biyu. Bari in hau ni kaɗai in gaya masa kina gaishe shi, in ce barci ya ɗauke ki."

Likita ya ce ko dokin ƙofa kada ta tsallaka ba dalili. Umma ta yaye sabon zanen gadon daga ƙafafunta, ƙafafun da aka wuni ana ɓoyewa, ta dubi Yaya.

"Goya ni."

"Umma, numfashinki..."

"Na goya ki shekara biyu ban yi miki gardama ba. Juyo."

Yaya ta share fuska, ta durƙusa a bakin gado. Na taimaka muka ɗora Umma a bayanta, muka ɗaure da zanen gadon, Yaya ta ja ƙullin da irin ƙarfin hannun nan nata. Muka fara hawa. Ina gaba, laftof a buɗe a hannu, ina tafiya da baya ina ƙirga musu matakala. A ta goma kallabin ya zame ya faɗi, ba wanda ya waiwaya. A ta goma sha takwas Yaya ta jingina da bango, numfashin Umma yana fita da wani sauti kamar ana jan ƙarfe a siminti. Na ce mu koma. Wallahi na tsorata, na ga kamar a hannunmu za ta cika, a kan matakala, saboda taurin kanmu. Umma ba ta da numfashin magana, sai ta daki kafaɗar Yaya da tafin hannu, Yaya ta ɗaga ƙafa.

Huɗu da minti goma sha biyar muka kai tagar. Na danna manhajar. Zoben ya juya sau uku, allo ya yi baƙi, sai ga shi.

Ya rame, an aske masa kai tas. Yana zaune a wani farin ɗaki, ya haɗa hannuwa a kan tebur, kansa a sunkuye, kamar wanda ya riga ya fid da rai. Minti goma sha biyar yana kallon allo ba kowa.

"Auta!" na kira.

Ya ɗago a firgice. Hoton yana yankewa, bakinsa ya riga muryarsa motsi.

"Yaya Ƙarama! Na ɗauka ba za ku... ina Umma?"

Na juya allon. Ba labule, ba filo, ba furen roba. Bangon matakala ne da zanen yara da gawayi, da Yaya jiƙe sharkaf da gumi, da kan Umma ba kallabi, furfura a waje, ta kwantar da haɓa a kafaɗar Yaya tana kokawa da iska. Na ga lokacin da ya gane. Fuskarsa ta canza a hankali, ya kai hannu ya toshe baki.

"Umma, me ya same ki? Ina ne nan? Me ya sa aka goya ki?"

Sai da ta tara numfashi. "Iska muka fito sha," ta ce. "Yayarka ce ke shagwaɓa ni. Kai ne dai ka rame. Suna ba ka abinci kuwa?"

Maganar ta daɗe kafin ta isa gare shi. Muna kallo ta isa, ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya buɗe baki.

"Umma, ki jira ni, don Allah ki..."

Hoton ya tsaya cak.

Na dubi wayar, sandunan sun zube, babu ko ɗaya. Na fizge ta na miƙa hannu waje ta fasasshen gilashin har ya yanke ni a gwiwar hannu. Na kashe data na kunna. Na ɗaga, na sauke, na juya ta gabas da yamma, ina cewa don Allah, don Allah, kamar waya na jin roƙo. Yaya ta zame ta zauna a kan matakala da Umma a bayanta. Can sanda ɗaya ta leƙo, ta biyu ta biyo ta, laftof ta fara neman hanya.

Sai idona ya kai kan agogo. Huɗu da minti ashirin da ɗaya.

Lokaci ya riga ya ƙare. Can sun tashe shi daga kujerar, wataƙila har an zaunar da wani. Umarnin rufewa yana hanya, rashin sabis ne kawai ya hana shi isowa. Da zarar intanet ɗin da na wuni ina nema ya dawo, fuskar nan za ta ɓace, a rubuto mana ranar ganawa ta gaba.

Na kashe datar da sauri, na kife wayar a bakin taga.

Yana nan a allon, ya cika shi, ido a jiƙe, baki a buɗe. Umma ta zaro hannu daga cikin zanen ta shafa kumatunsa da bayan yatsa.

"Ya tafi ne?" ta tambaya.

"Ya tafi, Umma. Hoton ne ya maƙale."

"To kada ki gyara."

Na zauna a matakalar da ke ƙasa da tasu, na ɗora laftof ɗin a gwiwata ina fuskantar da ita gare su. Babu soket a matakala, batirin kuma tsoho ne, saura kashi tara. Na rage hasken allon kaɗan don ya ƙara daɗewa, na matsar mata da shi kusa.